Ranar da na kira sunan ɗan farina

Shekarun baya ne, ba bara ba, ba bara waccan ba, lokacin da gwiwata ta hagu ta ce ta gaji da ɗaukata. Ni ban yi boko ba, allo ma iyakata abin da zan yi salla da shi, don haka wannan labari faɗa nake, autata tana rubutawa. Na ce mata ta sa shi yadda ya fito daga bakina, kada ta gyara mini magana.

Likitocin gida suka ce sai an sa wa gwiwar ƙarfe. Auta kuwa tana aure a Dubai, mijinta yana harkar kago, yana tara kayan 'yan kasuwar Kano a wani sito a Ras Al Khor, yana loda musu a kwantena. Sai aka yanke shawara a kai ni can, a yi aikin, in yi jinya a ɗakin 'yata. Haka na baro gidana na ƙasa, na tsinci kaina can sama a wani dogon gida a Al Khabaisi, inda sai mutum ya shiga akwatin ƙarfe ya ɗaga shi. Duk ranar da za mu shiga akwatin nan sai na yi kalmar shahada, mai gadin gidan yana dariya yana ce mini sannu sannu da Larabcinsu, "Shwaiya shwaiya, Mama." Na zaci iyakar tsoron da zan gani a Dubai ke nan. Ashe babban yana tafe, kuma daga gida zai biyo ni.

Sai na fara gaya muku ko wane ne ɗan farina, ko da yake wannan kalmar ma nauyi take yi mini. A gidan da na tashi, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta zama su yi hira. Ana yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma, ni ina tsakar gida ina bin sa da wutsiyar ido. In ya zo gaishe ni sai ya durƙusa a bakin ƙofa, in amsa ina kallon bango. In ina da magana sai in ce wa ƙanwarsa, "Ki ce wa yayanku kaza." Shi ma ta bakinta yake maido amsa, ko da tabarma ɗaya ce tsakaninmu. Jikokina dariya suke yi in na ba su labari. Mu a wurinmu kunya ce, da ita ake gane 'yar gidan mutunci. Har gemunsa ya fara furfura ban taɓa kiran sunansa ba, ban kuma taɓa ce masa yi ko bari da bakina ba.

Malamin makaranta ne da fari. Mutanen garinmu suka matsa masa ya zama kansila, daga nan majalisar jiha, daga nan kuma aka tura shi Abuja ya zama sanatan yankinmu. Ana nan ana nan, sai maganar wata fadama ta taso, inda talakawa suke noman rani tun kakanninsu. Aka ce za a karɓe ta a raba wa wasu manya. Ya miƙe a majalisa ya faɗi abin, alhali manyan nan jam'iyyarsu ɗaya da shi. Aka ce ya janye maganar, ya ƙi. Jam'iyya ta kore shi. Ɗaya jam'iyyar ta aiko masa da hularta don ya shigo cikinsu, ya ce ya gode, ya mayar. Ya ci gaba da zama a kujerarsa babu tuta a bayansa, rediyo suna kiransa sanata mai zaman kansa. Ni da na ji sunan na ɗauka yabo ne. Auta ce ta fahimtar da ni. Ta ce, "Inna, mai zaman kansa fa shi ne wanda in an taɓa shi babu wanda zai tambaya."

Ba a daɗe ba aka janye 'yan sandan da ke gadinsa. Bayan haka aka cinna wa ofishinsa na gari wuta. Duk wannan ya faru kafin in hau jirgi, kuma ban ce masa komai ba, sai addu'a.

To, an yi mini aiki lafiya, na dawo ɗakin Auta, ina koyon tafiya da wani ƙarfe mai ƙafa huɗu kamar yaron da aka yaye. Wata rana bayan azahar sai muka ji sallama. Auta ta leƙa ta dawo ta ce baƙo ne ya zo dubiya. Yana shigowa na gane shi, duk da ƙibar da ya yi. Ɗan maƙwabtanmu ne, abokin ɗan farina na ƙuruciya. Rana ɗaya aka yi musu kaciya, a akushi ɗaya suka ci tuwona. Shi ina kiran sunansa, ina yi masa tsawa. In na soya wani abu ina so ɗana ya ci, wannan yaro nake ba wa da yawa, don na san zai kai masa. A lokacin nan ya zama na hannun daman wani babba a jiharmu, sun zo Dubai sun sauka a wani otal a Port Saeed, don 'yan siyasarmu in suna son shawarar da ba sa so a ji, can suke zuwa su yi ta.

Ya cire takalmi, ya ajiye dabino da turare, ya zauna a ƙasa kusa da ƙafata.

"Inna, ya jiki? Ina jin an ce kina garin nan na ce ko jirgi zai tafi ya bar ni sai na zo."

Na ce, "Ka yi ƙiba. Da kamar sillen kara kake."

Ya ce, "Tuwonki ne ya biyo ni, Inna, sai yanzu ya fito."

Muka yi dariya. Ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, har waɗanda suka rasu ya yi musu addu'a. Auta ta kawo shayi ta koma ta tsaya a ƙofar kicin. Sai ya matso, ya rage murya.

"Inna, Juma'ar nan ɗan'uwana zai je fadamar nan ya yi taro da manoma. An ba shi shawara kada ya je."

Na ce, "Wa ya ba shi?"

"Masu son sa." Ya juya kofin shayi a hannunsa. "Kin san hanyar. In an sauka daga kwalta sai an ratsa daji, ga gadar nan da dole mota ta rage gudu. Ba shi da ɗan sanda ko ɗaya. Yaran yanzu kuwa in an ba su abin sha, ba sa bambance sanata da direba. Ni dai abin da ba na so, kina ƙasar mutane, ƙafa ba lafiya, a kira ki a waya a ce ki yi haƙuri."

Duk wanda ya tsufa ya san abin da ke biyo bayan ki yi haƙuri in an kira shi daga nesa.

Na ce, "Me kake so in yi?"

"Kalma ɗaya, Inna. Ki ce masa ya fasa, ya dawo cikin 'yan'uwansa, ya ba manya haƙuri. Kujerarsa tana nan, har wadda ta fi ta ma."

"Kai ka fi kowa sanin ba na yi masa magana."

"Shi ya sa na zo wurinki. Malamai sun yi, dattawan gari sun yi, matarsa ta yi kuka har ta gaji. Ke kaɗai ce ba ki taɓa neman komai a wurinsa ba. Da bakinsa ya gaya mini tun muna samari, duk ranar da kika ce masa bari, ko mene ne zai bari."

Yana rufe baki sai wayarsa ta yi ƙara. Yana duba fuskarta ya zabura, ya tashi daga zaune ya durƙusa a kan gwiwoyinsa, ya riƙe wayar da hannu biyu. "Ranka ya daɗe. E, ranka ya daɗe, ina gabanta. An gama, ranka ya daɗe, khalas." Wanda yake magana da shi ba ya ganinsa, amma sunkuyar da kai yake yi har hularsa ta zame ta faɗi a kan tabarmar sallata. Da ya gama ya ɗauki hular, ya goge fuska, ya kasa kallona. Ya ce, "Inna, ni ma aiko ni aka yi." Ya sa takalmi ya fita.

Daga ranar abinci ya daina wuce mini. Duk wayar da ta yi ƙara a gidan, ko ta mai kawo ruwa ce, sai in zaci kiran nan ne ya zo. Matar da ke zuwa tana motsa mini ƙafa tana ta cewa, "Yalla, Mama, yalla," ƙafa ta ƙi ɗaguwa, ta rasa dalili. Surukina ya dawo daga sito, da yake shi ma kunyata yake ji, sai ya tsaya daga falo ya gaya wa matarsa da ƙarfi yadda zan ji, wai a gidan abincin da 'yan Kano ke taruwa a Deira ba a maganar komai sai Juma'ar nan. Wasu suna cewa barazana ce kawai, wasu suna cewa an riga an tara yara. In na rufe ido gadar nan nake gani. Na san ta, na sha ƙetare ta da ƙwarya a kai tun tana ta itace.

Da na ga ba zan iya ba, sai na yi yadda na saba. Na ce, "Auta, ki kira yayanku, ki ce masa na ce ya fasa zuwa."

Ta kira shi a gabana, ta faɗa masa. Tana saurare na ga fuskarta ta sauya. Ta ajiye wayar a cinyarta.

"Ya ce a gaishe ki. Ya ce ya san wanda ya zo dubiya. Ya ce saƙo kowa yana iya aikowa da sunanki, har da tsoratar da ke a sa ki aiko. Amma in daga bakinki ya ji, ya rantse zai fasa, zai kuma je ya ba su haƙurin."

Na ce, "Ni zan yi masa magana?"

Ta ce, "Inna, kunya ce za ta hana ki, ki bari a kashe shi? Wace kunya ce ta rage in aka kawo shi a makara?"

Ban taɓa jin yarinyar nan ta ɗaga mini murya ba sai ranar. Ban yi mata faɗa ba, don gaskiya ta faɗa.

Ranar Juma'a ta zo. Rana takan riga fitowa a Dubai, mu hantsi ya ɗaga sosai, su a gida lokacin suke karin kumallo. Na yi alwala, na zauna a kujerar da nake salla a kai, tunda gwiwa ba ta lanƙwasuwa. Na ce wa Auta ta kira shi ta ba ni. Ta dube ni, ta danna, ta sa mini wayar a hannu. Maganar da zan faɗa na riga na shirya ta, na yi ta maimaita ta a zuciya kamar karatu: ka fasa, ka dawo.

Ya ɗauka. Ina jin ƙarar mota da muryoyin maza a bayansa. Ya ce, "Auta, yaya jikin Inna?"

Tun yana goye a bayana ban ƙara jin muryarsa kusa da kunnena haka ba.

"Auta? Kina ji na?"

Sai na kira sunansa. Sunan da aka raɗa masa ina cikin ɗaki da lalle a ƙafa, wanda nake ji a bakin kowa, har a rediyo. Ya fito mini kamar baƙon abu, har na ji kunyar bangon ɗakin.

Na ji ya ce wa mutane su dakata, aka kashe mota. Sannan ya ce, "Na'am, Inna. Na durƙusa, ina jin ki. Abin da kika ce shi zan yi."

Wannan kalma ta na durƙusa ita ta tsayar da ni. Nan take na ga abokinsa a kan tabarmata, hula a ƙasa, yana yi wa waya ranka ya daɗe. Na gane cewa in na faɗi abin da na shirya, yaron nan zai bi, ba zai musa ba. Zai je ya sa gwiwarsa a ƙasa gaban mutanen da suka aiko a tsoratar da uwarsa tana jinya, kuma ba zai ƙara miƙewa ba har ya mutu. Ni kuma zan zama sandar da aka doke shi da ita. Ga tsoron gada a gefe guda, ga wannan a gefe guda, ni a tsakiya da waya a hannu.

Na ce, "Manoman nan suna jiranka?"

"Suna jira, Inna. Wasu tun jiya suka kwana a can."

"In ba ka je ba fa?"

"Za su watse. Sati mai zuwa a kafa turaku a gonakinsu."

"Kana jin tsoro?"

Ya ce, "Ina ji, Inna."

Na ce, "Ni ma ina ji. Je ka. Allah ya tsare gabanka da bayanka. Abu ɗaya na ce maka, kuma ba ta bakin kowa ba. In ka fito, ka kira ni da kanka."

Ya ce, "To, Inna."

Na miƙa wa Auta wayar. Ta silale jikin bango ta zauna a ƙasa tana hawaye. Ta ce, "Inna, me kika yi?" Na ce, "Ban sani ba." Kuma wallahi ban sani ba.

Wunin nan ban taɓa ganin mai tsawonsa ba. Surukina ya tafi masallaci ya dawo, bai koma sito ba, ya zauna a falo yana ta danna waya. Fadamar nan waya ba ta shiga, kowa aka kira sai a ce a kashe take. Abokin nan ya kira Auta, ta ƙi ɗauka, ya sake kira, ta kife wayar. Na yi la'asar a zaune, ban san raka'a nawa na yi ba, na sake. Ta taga ina kallon motoci suna wucewa can ƙasa kamar tururuwa, kowa yana harkarsa, babu wanda ya san akwai wata gada a duniya. Ina jan carbi ina cewa a zuciyata, ya Allah, kalma ɗaya aka ba ni in tsare shi da ita, na ce masa je ka. In an taɓa shi, da bakina na tura shi.

Mun idar da magariba ke nan wayar Auta ta yi ƙara. Ta duba ta ce, "Baƙuwar lamba ce, daga gida." Ta kasa ɗauka. Na ce ta ba ni. Muryar wani namiji ce da ban sani ba, yana haki. Ya ce, "Hajiya ce? Mahaifiyar Sanata?"

Na ce, "Ni ce." Na runtse ido ina jiran ki yi haƙuri.

Ya ce, "Riƙe, ga shi."

Sai na ji muryarsa, ta dushe. "Inna, na fito."

Daga baya aka ba ni labarin abin da ya faru. A bakin gadar an gicciya itatuwa, yara suka fito daga daji da duwatsu da gora. Suka farfasa gilashin motar, dutse ya fasa masa goshi, wayarsa ta tarwatse. Allah ya sa manoman da suka gaji da jira sun taho tarbarsa a ƙafa, da yawansu, suka ci karo da abin, yaran suka watse. A ƙafa ya ƙarasa fadamar a tsakiyarsu, an ɗaure masa kai da rawanin wani tsoho, haka ya tsaya ya yi musu magana. Wayar wani manomi ce ya ara da suka fito inda take shiga.

Amma a lokacin ban san duk wannan ba. Abin da na sani kawai yana numfashi. Na ce alhamdu lillahi, na sake cewa. Ya ce an ɗan ji masa ciwo a goshi, ba wani abu ba ne. Can sai na ji kamar yana murmushi. Ya ce, "Inna, ashe kin san sunana."

Na miƙa wayar na ce, "Auta, karɓi. Ki ce wa yayanku ya je a ɗinke masa goshi."

Fadamar nan ba duka ta tsira ba. Wani ɓangare ya tafi, mafi yawa ya zauna a hannun masu shi, har yau suna aiko mini da albasa da tumatir. Shi kuwa da wa'adinsa ya cika ya dawo gida, don doka ba ta yarda mutum ya tsaya takara babu jam'iyya ba, shi kuma ya ƙi sa hular kowa. Yana noma, yana koyarwa. Abokin nan nasa in mun haɗu wurin biki ko ta'aziyya yakan durƙusa daga nesa ya gaishe ni, ina amsawa. Ba na riƙe shi a zuciya. Na ga tsoron da ya durƙusar da shi ranar nan.

Mata sukan zo su ce mini uwar jarumi, wai na yi ƙarfin hali. Nakan ce su daina. Babu ƙarfin halin da na yi, tsoro biyu ne suka tsare ni, na bi wanda ya fi ƙarfi. Da mai wayar nan ya ce ki yi haƙuri, da maganar tawa ɗin nan ce matan za su riƙa nunawa da baki suna cewa ita ta tura shi, kuma da ban ce sun yi ƙarya ba. Shi ya sa ba na ba kowace uwa shawara ta yi yadda na yi. Har yau in baƙuwar lamba ta kira, sai na nemi wani ya ɗauka, ni ina kallon fuskarsa.

Gwiwa ta warke, na dawo gidana na ƙasa. Duk Juma'a bayan masallaci yakan zo ya durƙusa a bakin ƙofa ya gaishe ni, in amsa ina kallon bango kamar da. Sai dai in ya sunkuya zai sa takalmi, nakan saci kallon tabon nan na goshinsa. Sunan kuwa ban sake kiransa ba. Sau ɗaya na faɗe shi a rayuwata, ya kuma amsa, ina roƙon Allah kada ya nuna mini ranar da zan buƙaci na biyu.